Ranar Da Aka Ƙarasa wa Alhaji Aruna Magana

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanun Salaga ya san bakin Alhaji Aruna dillali. Mutum ne da zai yabi ramammiyar saniya har mai ita ya ji kamar ya fasa sayarwa. To, wannan bakin ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama rana ɗaya ana tsakiyar ciniki. Ƙafa ta dawo, hannu ya ɗan dawo, magana kuwa ta ƙi. Kalma tana nan a ransa sarai, amma kafin ta iso leɓe ta watse.

'Yarsa Munawara, wadda ke aure a Yendi, ta ɗauko shi ya zauna wurinta, domin akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Madam Safura, da ke tara masu matsalar magana duk Alhamis suna gwaji tare. Alhaji bai so ba ko kaɗan. Shi da kasuwa guda ke saurara, a zaunar da shi ana koya masa "ba, ba, ba" kamar ɗan yaye? Amma Munawara ba ta jin a'a, kuma a'ar ma da ƙyar take fita.

Su bakwai ne, kujeru a zagaye. Doka ɗaya Madam ta kafa: wanda ya fara magana ba mai ƙarasa masa, ko zai kai la'asar yana fama. Alhaji yana ɗaga kai ya ga wanda ke fuskantarsa, sai gabansa ya faɗi. Yussif ne, mutumin Bawku mai i'ina, ya yi furfura, yanzu yana zaune a Yendi wurin ɗansa.

Shekara goma sha biyu ke nan da abin da ya shiga tsakaninsu. Ana gab da Babbar Sallah Yussif ya kawo wani farin sa Salaga. A ka'idar kasuwa, in an yi tayi, mai dabba ne zai ce albarka in bai yarda ba, ko ya ce ya sallama. Wani abokin Alhaji ya yi tayin wulaƙanci. Yussif ya buɗe baki, magana ta maƙale, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana ta buga ƙafa. Alhaji kuwa ya kama hannunsa ya manna a na mai saye, ya ɗaga murya: "Ya sallama!" Kafin bawan Allah ya samu numfashi an ja igiya, jama'a na dariya. Ba a nan abin ya tsaya ba, shekaru Alhaji ya yi yana kwaikwayonsa a teburin mai shayi.

Ga shi Munawara kullum sai ta faɗa wa mutane, da alfahari, cewa babanta bai taɓa cutar kowa a kasuwa ba. Abin da Alhaji ke tsoro ke nan: Yussif ya buɗe baki a gabanta.

Alhamis uku Yussif bai ta da maganar ba. Ya gaishe shi a hankali, ya miƙo masa ruwa in tari ya sarƙe shi, ya jira shi in yana kokawa da sunan kansa. Wallahi da zagi ne da ya fi wa Alhaji sauƙi. Kunya ta hana shi cin tuwo, har Munawara ta fara zargin magani ne.

Alhamis ta huɗu Madam ta bari 'yan rakiya su shigo su zauna a baya. Ta ce kowa ya zaɓi mutum ɗaya a zagayen ya faɗa masa magana guda. Da aka zo kan Alhaji, ya juya wajen Yussif.

"Na... na... na..."

Gumi ya keto masa. Leɓe na rawa, yawu na neman zuba. Munawara ta kasa jurewa, tausayi ya mantar da ita doka.

"Na gode yake son cewa," ta faɗa daga baya. "Kullum shi ke ba shi ruwa."

Mutane suka gyaɗa kai, wata tsohuwa har da "Allah sarki." An wuce wurin, ido ya koma kan na gaba. Alhaji kuwa maganarsa tana cikin bakinsa da rai, an sa masa wata, kowa ya karɓa. Ashe haka abin yake! Kuma 'yarsa don ƙauna ta yi.

Ya doka sandarsa a ƙasa. "A'a!"

Madam ta ɗaga wa Munawara hannu kada ta sa baki.

"Na... cu... cuce... shi." Ya nuna Yussif da hannunsa mai lafiya. "Sa. Fari. Ni."

"Baba, wane sa?" in ji Munawara.

Yussif ya gyara zama, ya ja numfashi yadda Madam ta koya masa. Ya daɗe, kuma Alhaji ya jira, karo na farko a rayuwarsa.

"Tu-tun ranar farko na gane ka, Alhaji. Do-don yarinyar nan na yi shiru."

Alhaji ya rufe fuska da bakin rigarsa ya yi kuka kamar ba dattijo ba.

A hanyar gida Munawara ba ta ko dube shi ba. Da suka isa ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta shiga ɗaki ta daɗe. Sannan ta fito da jajayen idanu, ta jawo kujera ta zauna a gabansa.

"Baba, ba ni labarin san nan tun daga farko. Ba zan sa maka baki ba."