Sakin Da Aka Sayar Wa Jarida

"Saki ɗaya tak, Adli. Ka sake ta yanzu, ka mai da ita ranar buɗe fim. Ina wahala a nan?"

Ustaz Shaukat, mai kamfanin finafinai a Alƙahira, inda ake ce wa kowane babban mutum Ustaz, ya faɗi haka yana busa hayaƙin sigari, kamar mai cinikin tumatir. Adli Nassar ya juya finjalin gahawarsa. Tashensa a silima ya fara dusashewa, kuma ya sani. Furfurar da yake rinawa kowace safiya ta fi shi sani.

"Kausar matata ce ta gaske, Ustaz. Muna da 'ya."

"Wa ya ce ta roba ce? Ai matsalar ke nan. Miji da mata suna zaune lafiya, wa zai sayi tikiti ya kalli wannan? Kowa na da irinsa a gida. Ka sa matan unguwar Shubra kuka, ka ga layi har bakin kogin Nilu."

"To a ce wa 'yan jarida mun rabu, ba sai an yi ba."

"Sun yi wayo, ɗan'uwa. Sai sun ga hatimin ma'azun."

Ma'azun shi ne malamin da ke rubuta aure da saki, shi kuwa bai san wasa ba. Adli ya miƙa hannu suka tafa.

* * *

Kausar tana tsefe wa 'yarsu Nadiya kai ya gaya mata. Ita ma tauraruwa ce, tare ake haɗa su a kowane fim, ta kuma san yara mata nawa ke jiran kujerarta.

"Allah ya ba ka igiya uku, ka je ka sayar da ɗaya?"

"Aro ne, uwargida."

"Wanda ya ari irin wannan, ka taɓa jin ya dawo da ita?"

Amma ta yarda. Ta koma gidan uwarta a unguwar Abbasiya, aka ɗauke ta hoto a taga da hankici. Mujallu suka ƙare a kasuwa. Ranar buɗe fim Adli ya mai da ita, ya sumbaci hannunta a ƙofar silima, mata suka yi ta guɗa, wani mai sayar da gyaɗa har da hawaye. A mota su biyun suka yi dariya har cikinsu ya ƙulle.

Da fim na gaba ya ƙi tafiya, Shaukat ya sake kiran Adli shan gahawa. Wannan karon Adli bai ma yi gardama ba. Aka yi saki na biyu, ya mai da ita ranar buɗe fim. Kausar ce ba ta yi dariya ba a hanyar dawowa.

"Saura ɗaya, Adli. Wannan tamu ce, ba ta Shaukat ba."

"Haba, sai ka ce mahaukaci?"

* * *

Ba mahaukaci ba ne. Sai dai kalmar da mutum ya furta a gaban fitilu, aka tafa masa, takan yi sauƙi a baki.

Wata Juma'a da rana suna cin shinkafa da miyar lalo, Kausar ta ce Shaukat ya ba ta sabon fim. Jarumin fim ɗin wani yaro ne daga Iskandariya.

"Ni fa?"

"Ya ce ka fito a babana."

Nadiya ta ƙyalƙyale da dariya, ita ma uwar murmushi ya suɓuce mata. Adli ya miƙe, ya ɗaga hannu yadda ya saba ɗagawa a gaban kyamara.

"Je ki, na sake ki!"

Ya tsaya kamar mai jiran a ce a sake ɗauka. Kausar ta ajiye cokali a hankali.

"Uku ke nan."

"Fushi ne, Kausar. Ban yi niyya ba."

"Na sani. Biyun farko ma ba ka yi fushi ba, ba ka yi niyya ba, an rubuta."

Ya zaga malamai, yana neman wanda zai ce na farkon wasan silima ne. Wani dattijo ya tambaye shi: "Da bakinka ka faɗa? An sa hatimi?" Ya ce e. Dattijon ya buɗe tafin hannu kawai.

Shaukat kuwa har tsalle ya yi. "Ga mafita! Ta auri yaron nan na ɗan lokaci, ya sake ta, ka mai da abarka. Masar gaba ɗaya za ta haukace!"

Adli, don rashin ta ido, ya kai mata wannan maganar. Ta dube shi ta ƙofar da ba ta gama buɗewa ba.

"Ka sayar da naka ya ƙare, yanzu ni za ka bayar aro?" Ta rufe.

* * *

Shaukat ya gina sabon gida a Zamalik, unguwar masu kuɗi. Masu mujallu sun ci kasuwar shekara guda. Kausar ta yi fim ɗinta, aka yaba, ba ta ƙara aure ba, ba ta kuma ƙara dariya a wajen aiki ba. Adli ya fito a baban wannan da baban waccan, har aka daina kiransa.

Babu wanda ya yarda sakin na gaske ne. In ya je ɗaukar Nadiya daga makaranta, masu shaguna sukan ɗaga masa hannu: "Ustaz, yaushe za a buɗe fim ɗin, mu zo biki?"

Yarinyar sai ta ɗaga kai ta dube shi, ita ma tana jiran amsa.