Zoben da Ke Kan Faranti

Shekara talatin da ɗaya na yi ina wanke faranti a ɗakin gwajin asibiti, da hannuna haka ba safa, kuma ko mura ba ta taɓa kwantar da ni ba. Kafin nan mota ta kife da mu, mu tara, ni kaɗai na fito da ƙafata. Rijiya ta rufta da ni, aka tono ni ina tambayar ina hulata. Shi ya sa ma'aikata suka sa mini Ƙi-Mutu, kuma har gobe idan aka kira zan amsa. Ban taɓa zama a aji ba, amma akwai likitocin da ni na koya musu yadda ake ɗaga faranti a duba shi a haske.

Ba farantin cin abinci nake nufi ba. Ƙanana ne masu murfi, ana zuba musu wani abu kamar daskararren romo. A shafa abin da aka ɗebo daga jikin majiyyaci, a jera 'yan takardu zagayayyu a kai, kowace da irin maganinta, a sa a ɗumi ya kwana. Da safe cutar ta tsiro ta rufe ko'ina. Takardar da maganinta ke aiki, za ka ga fili ya kewaye ta fes kamar an share. Zobe muke ce masa. In zoben babba ne, mai shi zai tashi. In babu, to.

Tsohuwata, wato matata, ita ce ta taka ƙusa da ƙafar hagu a bayan ɗakin girki. Tana da ciwon suga, diddigen ya ƙi warkewa, ya fara wari. Autarmu ta kai ta asibitin da na yi aiki. Ranar da aka kwantar da ita wata nas ta zo da tsinken auduga ta shafa mata a hanci, ta shafa a ciwon, har da inda ba a faɗa. Ta ce yanzu duk wanda za a ba gado sai an duba ko yana ɗauke da ƙwayoyin da ba sa jin magani. Kwana biyu aka tura gadonta ɗaki na ƙarshe, ita kaɗai, aka manna takarda a ƙofar. Mai shiga sai ya sa rigar leda da safar hannu.

Likitan, wanda na haifi wanda ya girme shi, ya tsaya da mu a baranda.

"Baba, ƙwayar da ke ƙafar Mama mai taurin kai ce. Ana gwada mata magunguna a ɗakin gwaji, ranar Alhamis za mu sani. In an samu wanda take ji, za mu ceci ƙafar. In ba a samu ba, sai mu cire daga ƙasan gwiwa tun bai hau ba."

Tsohuwa ta ji daga ciki. Ta ce ba ta sa hannu a takardar komai sai ta ji sakamako.

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki. Ɗakin gwaji ai gidana ne. Ni zan je in duba da idona."

Auta ta ce, "Baba, shekara goma sha huɗu fa da barinka aiki."

"Faranti bai canza ba, ke ce dai kika girma."

A zamaninmu maigidana a ɗakin, Allah ya jiƙansa, Mai Hanci muke ce masa. Zai ɗaga murfi kaɗan ya shinshina ya faɗi sunan cutar kafin a kunna madubin duba ƙwayoyin cuta. In 'yan uwan majiyyaci suka zo suna kuka, ni nake shiga in ce, "Ranka ya daɗe, a sake duba wannan." Sai ya yi tsaki, ya sake. Sau da yawa a duba na biyu ake samun zoben da ido ya tsallake. Abin da na tafi nema ke nan ranar Alhamis da safe, wanda zan ce masa a sake duba.

Ƙofar ba ta da mariƙi. Na ƙwanƙwasa har wata mata mai farar riga ta leƙo. Ta dube ni ta dube ni.

"Baba Ƙi-Mutu? Kai ne?"

Ashe ɗaliba ce da ta zo koyon aiki a shekarata ta ƙarshe, na taɓa ɓoye mata faranti uku da ta fasa. Yanzu ita ce babba. Ta ba ni riga, ta shigar da ni.

Wurin wankina babu shi. Inda famfona yake da buhun sabulu, bango ne kawai. Ta ce farantin yanzu na roba ne, ana ƙonawa. Tsakiyar ɗakin wani inji ne mai tsawon motar haya biyu, a rufe da gilashi. Faranti na tafiya a layi su kaɗai, wani hannun ƙarfe na ɗaga murfi, ya shafa, ya rufe, ya manna lamba. Ba wari, ba hira, ba rediyo. Inda a da muke mu goma sha ɗaya, mutum biyu na gani, su ma kwamfuta suke kallo.

Na ce, "'Yata, fito mini da na tsohuwata in riƙe a haske."

"Ba a buɗe shi, Baba. Irin wannan ko ni ba na ɗaga murfinsa. Injin yana ɗaukar hotonsa kowane 'yan awoyi, a nan muke gani. Sakamakon ma ya riga ya tafi wurin likita."

"To nuna mini hoton."

Ina ganin ta ɗauka tsoho da bai san bihim ba ba zai gane komai ba, sai ta danna.

Faranti biyu, takarda shida-shida. Cutar ta tsiro ta kwanta a jikin kowace takarda kamar ta samu matashin kai. Ban iya karanta jan rubutun da ke gefe ba, ban kuma bukata ba. Da ma ban iya wannan ɗin ba.

Na sa yatsa a kan ɗaya. "Wannan da ɗan fili."

Ta ƙara girman hoton har takardar ta cika fuskar kwamfutar. Filin bai kai kaurin farce ba.

"Injin ya auna, Baba. Bai kai ba."

"A sake. Ido yana tsallakewa."

"Ya sake da kansa jiya, da ya ga haka. Ni ma na duba. Akwai magani ɗaya da ake gwadawa daban, amma likita ya rubuta cewa ƙodar Mama ba za ta ɗauka ba."

Na waiga ina neman wanda zan ce wa ranka ya daɗe. Hannun ƙarfen yana ta aikinsa, ya ɗaga, ya shafa, ya rufe.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, sai na ji bakina yana faɗa mata. Shekara da shekaru ni ne likitan gidana. Ciwon ciki, tari, ƙurji, sai in ba tsohuwa kafso biyu ko uku, in ta ji sauƙi in ce ya isa, in ajiye sauran a gwangwani. Maƙwabta ma zuwa suke, wai ni mutumin asibiti ne. Na kuwa sha jin cewa shan magani rabi-rabi haka shi ke koya wa cuta taurin kai.

"Ni ne na jawo mata?"

"Ba zan iya cewa ba, Baba. Ƙila a wani asibiti ta ɗauka, ƙila a hannun wani. Injin yana faɗin abin da ya tsiro, ba ya faɗin wanda ya shuka."

Na so ta ce e, ko ta ce a'a. Ta raka ni har ƙofa.

A bakin ɗakin tsohuwa Auta ta ɗaura mini rigar leda, ta sa mini safa. Likita bai zo ba tukuna. Tsohuwa na jingine da filo, ƙafar a naɗe a kan matashi. Shekara talatin da ɗaya tana jin labarin zobe kullum na dawo aiki, ta san shi kamar ni.

"Malam, ka gani?"

"Na gani. Sai da suka miƙe tsaye da na shiga."

"Akwai zobe?"

"Akwai."

"Kamar me?"

Na so in ce kamar bakin kofi. Bakina ya ƙi. Na ce, "Kamar maɓallin riga."

Ta daɗe tana kallona.

"Motar nan da ta kife, ku huɗu ne, kuma direban ya rayu har ya aurar da 'ya'ya. Rijiyar iya ƙirjinka ce, ni na riƙe maka hular. Shekara arba'in da shida duk abin da ka faɗa ina raba shi huɗu in ɗauki ɗaya, mu zauna lafiya. Yau kai da bakinka ka ce maɓalli." Ta juya wurin Auta. "Je ki ce wa likita ya zo da takardarsa."

Auta ta fita tana share ido da bayan hannu. Na zauna a bakin gadon na ɗora hannu a kan ƙafar. Ta cikin safa ko zafinta ban ji sosai ba. Na fara zare safar, nas ta ƙwanƙwasa gilashin ƙofa ta girgiza mini kai. Na mayar.

Tsohuwa ta ce, "Takalmina na ƙarƙashin gado. In za ka tafi gida ka tafi da na hagun, kada ya tsaya yana kallona."

Na sunkuya na ɗauko. Silifas ne shuɗi, diddigen ya cinye ta gefe ɗaya yadda take taka ƙasa. Nas ta ce komai ba ya fita daga ɗakin nan sai an sa a leda an fesa masa magani. Na tsaya riƙe da shi ina jira ta kawo ledar.