Sabuwar Motar Auta

Shekara ashirin da biyu Dogo ya yi yana tuƙa bas a kamfanin nan, kuma shi ya koya wa ƙanensa Auta riƙe sitiyari. Don haka da aka kawo sabuwar bas guda ɗaya tak, bai ko yi tunanin makullin zai wuce hannunsa ba. Manaja ya miƙa wa Auta, wai shi ya je kwas na mako biyu.

Motar ba dizal take sha ba. Tsohon man suya ake tarowa daga gidajen abinci, a tace, a sarrafa, injin kuma yana da na'urar da ke auna masa abin da zai ƙona daidai wa daida. Kullum da safe a gareji Auta sai ya kara farin hankici a bakin salansa, ya ɗaga wa direbobi su gani, fes. Ta Dogo kuwa sai ta yi tari uku, ta turnuƙe wurin da baƙin hayaƙi kafin ta yarda ta tashi.

"Mota ce ko kicin?" in ji Dogo. "Duk wanda ya bi bayanka sai yunwa ta kama shi."

Aka yi dariya, har da Auta. Wannan ya fi ɓata wa Dogo rai.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Inna, mahaifiyarsu. Duk Alhamis takan je asibiti saboda ƙirjinta, kuma kujerar bayan Dogo tata ce tun da daɗewa. Yanzu sai ta wuce motarsa da sandarta, ta ɗaga masa hannu, ta shiga ta Auta.

"Kada ka ji haushi, babban yaro," ta ce. "Ta ƙanenka ba ta shaƙe ni."

Wata Alhamis aka kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Auta ya murza makulli, injin ya kama, ya yi shiru. Ya sake, haka. Daga inda yake tsaye Dogo ya gane ciwon da kunne: man ya yi kauri, ya toshe matata. Aikin minti goma ne.

Auta ya zo yana goge hannu a wando. "Yaya, ko ka ji wani abu?"

"Ni da ban je kwas ba?" Dogo ya ce. "Tambayi na'urarka."

Aka kwashe fasinjojin aka zuba a motar Dogo, har da Inna. Da ya fita daga gareji wani daɗi ya cika masa ciki, har yana ɗan kaɗa yatsu a sitiyari. A tasha ta biyu Inna ta fara tari. Ta rufe hanci da mayafi. Ya buɗe taga, ruwa ya shigo. Ya rufe, tarin ya ƙaru. Har asibiti yana kallon ta a madubi.

Da ya dawo, makaniki ya riga ya canza matatar, Auta na ta yi masa godiya kamar ya ceto rai.

Dogo ya jira sai da ofis ya yi shiru, sannan ya shiga wurin manaja, ya ce a ba shi takardar kwas ɗin, don dai ya ga abin da ake ta zuzutawa.

"Ka zo a kan gaɓa," manaja ya ce. "Motoci huɗu na tafe. Kuma ba sai ka yi tafiya ba, a nan za a koyar. Auta ne malami."

Dogo ya daɗe yana duban takardar. Ya ari biro, ya cike ta a tsaye, yana danna shi har ya huda wuri biyu.

"Ranar Litinin," in ji manaja. "Auta ya ce kada kowa ya makara."