Akwatin da Na Yi wa Fifita

Shekara ashirin da biyu ina haɗa fenti a masana'antar nan, kuma ban taɓa tsoron wani mutum kamar yadda nake tsoron Tsohuwa ba. Tsohuwa kwamfuta ce, toka-toka, kullum cikin nishi. A cikinta marigayi Maigida, mai masana'antar, ya zuba awon duk launin da muka taɓa haɗawa, a wata manhaja da ya rubuta da kansa, wadda ba ta yarda ta tashi a kan sabuwar na'ura. Duk ranar da ta mutu, launukanmu sun bi ta ke nan.

A wani ɗan ɗaki take, ita da 'yan'uwanta huɗu: ta oda, ta sito, ta wasiƙu, ta kyamarori. Zafin ɗakin sai ka ce gidan burodi. Ba a kashe ta, ba a share ƙarƙashin teburinta. In wuta ta ɗauke, batir na riƙe da ita, ni kuma ina tsaye da kwali ina mata fifita. Ni, mai jika bakwai!

Da Auta, 'yar Maigida, ta gama karatu ta dawo, sai ta ce a sayo manyan kwamfutoci guda biyu da ake kira sabar. Wai kwamfutocin nan biyar za su tare a cikin ɗaya kamar gidan haya, kowace da ɗakinta, ba mai jin motsin wata. In gidan ya samu matsala, su koma na biyun.

Yayanta, wanda shi ne manaja yanzu, ya ce, "Huɗun ki yi yadda kika ga dama. Ta Baba kuwa, kada hannunki ya kai."

Na mara masa baya, har da ɗaga murya. Huɗun suka tare, ɗaki ya huce, mitar wuta ta rage gudu. Duk na gani, amma na ƙi yabawa.

Ran wata Litinin da hantsi, wani ɗan kwangila ya zo da babbar mota yana son bokiti arba'in na koren da muka haɗa wa wata makaranta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shi ɗin dai, ba mai kama da shi ba. Ina cikin ɗaura ƙyalle a hanci sai na ji ƙauri. Na ruga. Tsohuwa ta yi tsit, hayaƙi na fita ta bayanta.

Na ƙwala wa Manaja kira. Manaja ya shigo, ya duba, ya zauna daɓas a ƙasa da kayansa masu guga.

"Shi ke nan," ya ce. "Aikin Baba ya tafi."

Sai ga Auta da kofin shayi a hannu, ko gezau.

"Kawu," ta ce da ni, "je ka duba allon teburinka."

"Ke, ba lokacin wasa ba ne!"

"Don Allah dai, Kawu."

Na tafi ina ƙunƙuni, su biyun na biye. Allon na nan a kunne, jerin launuka tsaf. Na buga lambar koren. Awon ya fito.

"Yau sati uku," in ji Auta. "Na kwafe ta ɗungurungum, na ba ta ɗaki a sabar, na zare wa tsohon akwatin wayar da ta haɗa shi da ku. Tun ranar daga can kuke aiki."

"Na ce kada ki taɓa ta!" in ji Manaja.

"Na taɓa, Yaya. Ka yi haƙuri."

Ni kuwa wani abu ne ya faɗo mini. "Wato fifitar da na yi ran Alhamis, awa biyu cur..."

"Ta yi kyau, Kawu. Akwatin ya ji daɗi."

Ma'aikata suka tuntsire da dariya, har da ɗan kwangilar da bai san kan zancen ba. Na so in yi fushi, amma daɗi ya hana ni.

Manaja ya matso ya leƙa allon. A ƙarƙashin awon akwai layin da mahaifinsu ya rubuta tun wancan lokaci. Ya karanta shi a fili: "A wanke bokiti sau biyu. Koren nan ba ya son ƙazanta."

Ya goge ido da bayan hannu, ya dafa kan ƙanwarsa, sannan ya juyo gare mu.

"To, kun ji abin da Baba ya ce. A kawo ruwa."