Fitilar Mai Hoto Ta Rage Haske

Tun yana saurayi yake ɗaukar hoto, har sana'ar ta cinye sunansa, kowa Mai Hoto yake ce masa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin tela da mai gyaran fanka. A ciki akwai farin labule, da kujera marar jingina, da madubi. Tun da wayoyi suka yi yawa, aikin ya koma hoton fasfo da na 'yan makaranta, amma yana ci da iyalinsa.

Sai fitilar da ke saman kyamararsa ta fara ba shi matsala. In ya danna, haskenta ba ya cika ɗakin kamar da, gefe da gefen hoton duk duhu. Ya ce ai batura ne suka tsufa, don sun daɗe suna shan caji.

Ya tafi wurin mai batir a cikin kasuwa, wani mutum mai haƙuri da ya daɗe yana ciniki da shi. Mai batir ya zube masa iri biyu a kan teburi. Ya ce waɗannan sun fi ɗaukar wuta, amma in aka ajiye su sai su tsiyaye da kansu. Waɗancan ba su kai su ƙarfi ba, amma ko wata nawa suka yi a jaka za a same su da caji. Mai Hoto ya zaɓi masu ƙarfin. Mai batir ya ja masa kunne kada ya haɗa sabo da tsoho a fitila ɗaya.

Bai haɗa ba, amma babu abin da ya canza. Da ya koma, suka ɗora laifin a kan caja. Tasa irin mai saurin nan ce, batir yakan fito daga cikinta da zafi har ba ya riƙuwa, kuma mai batir ya ce zafin nan shi ke kashe su. Ya ba shi wata mai cajin kowane batir daban, a hankali. Mai Hoto ya kai ta gida ya jona kusa da gado. Matarsa ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta ga an yi wa wani irin wannan tarairayar ba. Ya yi dariya, ya ce ita ai cajinta ba ya sauka.

Duk da haka hasken bai dawo ba. Sai ya riƙa ƙure ƙarfin fitilar har iyaka. Masu hoton fasfo suka fara ƙorafi, wai ya kashe musu ido. Wani ma ya dawo da nasa, ya ce an ƙi karɓa a ofis.

Ana cikin haka wata makaranta ta ba shi aikin ɗaukar ɗalibai aji-aji a babban zaure. Ya yi aikin, ya kai hotuna. Shugabar makarantar ta jera su a gabansa ba tare da faɗa ba. Ta ce fuskokin yaran sun yi fari fat, ba a gane hanci balle baki, kuma a kowane aji an yanke yaran da ke ƙarshen layi. Ya kai hoto ɗaya kusa da fuskarsa, ya ce shi dai duhu yake gani. Matar ta dube shi ta daɗe, sannan ta tattara hotunan ta miƙa masa.

Daga nan kasuwa ya wuce, ransa a ɓace. Ya ajiye jaka a teburin mai batir, ya ce jabu aka sayar masa. Mai batir bai yi musu ba. Ya gwada baturan ɗaya bayan ɗaya a na'urarsa, duk a cike. Ya mayar da su cikin fitilar, ya juya ta bango ya danna. Shagon ya haske gaba ɗaya, har mai shagon da ke fuskantar na mai batir ya kare fuska da hannu.

Mai Hoto ya ce, "Ka gani ko? Dishi-dishi."

Mai batir ya ajiye fitilar a hankali. Ya ce, "Malam, ɗan jan hasken nan na gefenta, da ke nuna ta shirya, kana ganinsa?"

"Ai bai kama ba tukuna."

"Tun ɗazu yake kunne."

Mai Hoto ya mayar da fitilar cikin jaka. Ya zuge jakarsa ya fita, kafaɗarsa ta bugi ƙofar shagon.

A gida matarsa ta ce ta daɗe da lura. Ta ga yana laluben kofi alhali yana gefen hannunsa, ta ga yadda yake juya kai gaba ɗaya in an yi masa magana daga gefe. Ta ce tsoron faɗa masa ta ji, ita ma ta so a ce baturan ne.

Likitan ido ya duba shi, ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya ci nisa. Ciwon daga gefe yake farawa, yana ci a hankali ba tare da zafi ba. Mai Hoto ya tambaya ko akwai aiki ko tabarau. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya riƙe ɗan abin da ya rage. Ya ƙara da cewa da an zo da wuri, da an ceci da yawa. Matarsa, da ta rako shi, ta sunkuyar da kai.

Ya ci gaba da buɗe shago na ɗan lokaci, yana zama a bakin ƙofa. In wani ya zo hoton fasfo sai ya ce na'ura ta lalace, ya kwatanta masa wani shago a gaba. Daga baya tela ya karɓi ɗakin ya ƙara kekunan ɗinki. Aka kwaso kayan zuwa gida, aka tura su ƙarƙashin gado. Maganin bai riƙe komai ba. Abin da yake gani ya yi ta tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta ramin makulli.

Wata safiya wata dattijuwa ta yi sallama. Ta ce mijinta ya rasu, kuma ba su da hotonsa na kirki sai wanda Mai Hoto ya taɓa ɗaukarsa, nasu kuwa ruwa ya ɓata shi. Ya sa matarsa ta jawo kwalin tsofaffin hotuna, ya ce baiwar Allah ta duba da kanta. Ta zauna a tabarma tana ɗagawa ɗaya-ɗaya har rana ta ɗaga, sannan ta samu.

Ta ce, "Malam, dubi yadda ka fito da shi. Kamar zai yi magana."

Ta sa masa hoton a hannu. Ya riƙe shi a juye, kan mutumin yana ƙasa, ya kai shi kusa da ido.

Ya ce, "Ya yi kyau."

Dattijuwar ta dubi matarsa. Matar ta kawar da kai. Dattijuwar ta karɓi hoton a hankali, ta yi godiya da addu'a, ta tafi. Shi kuma ya zauna yana jin matarsa tana mayar da sauran cikin kwali.