Inshorar Baban Tagwa

Kafin yaƙi ya tashe su daga Wad Madani, Tijjani ne ke haska fim a wata tsohuwar silima ta garin. Hausawan Sudan ne, shi da matarsa Mahasin, jikokin mutanen da suka yada zango a hanyar Makka har zangon ya zama gida. Da suka iso Alƙahira sai suka kama haya a unguwar Faisal, can saman wani dogon bene mai matattakala kamar ba za ta ƙare ba. 'Yarsu Tagwa ta samu aikin shara a wani ofis a Dokki, ita ke riƙe da gidan.

Tun a hanya Tijjani ya fara mantuwa. Likita ya ce ciwon tsufa ne, sai haƙuri. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne talabijin, musamman wata tasha mai maimaita tsofaffin finafinai marasa launi. Akwai wanda ya fi kama shi: wata mata ta haɗa baki da ma'aikacin kamfanin inshora, suka kashe mijinta, suka shirya abin ya yi kama da hatsari don ta ci kuɗin. Ya haska shi sau ba adadi a zamaninsa, har yakan riga 'yan wasan faɗin maganarsu. Mahasin takan ji daɗi in ta ga bakinsa na motsi, ko ba komai akwai abin da bai ɓace masa ba.

Wata rana da azahar ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa busasshiya. Ya dubi kwanon, ya dube ta, ya ture shi da bayan hannu.

"Nawa suka ce za su ba ki?"

"Su wa, Baban Tagwa?"

"Kamfanin. Ke da wannan mai hawowa da tukunyar gas. Na ji kuna raɗa a bakin ƙofa."

Isam yake nufi, maƙwabcinsu na ƙasa, magidanci mai iyali da ke taimaka musu da ɗaukar kaya. Mahasin ta yi tsaye da ludayi a hannu. Mutumin da ya bar gidansa da jallabiyar jikinsa kawai, wace inshora gare shi? Ta ɗebi tuwon ta ci a gabansa. Ya ce ai ta san gefen da ta zuba.

Daga nan abinci ya gagara, sai in Tagwa ta dawo da yamma ta ba shi da hannunta. Ya rame, wuyan jallabiya ya yi masa yawa. Ranar Juma'a kuma ya tare mutane a ƙofar masallaci ya ce su shaida, in ya faɗo daga bene to turo shi aka yi. Yawancinsu sun gane halin da yake ciki, amma matar Isam ta daina amsa gaisuwar Mahasin da fara'a. Wannan ya fi komai ci mata rai.

"Khalas, ya isa haka, Inna," in ji Tagwa. Ta cire wayar talabijin ɗin ta ɓoye. Sai abin ya ƙaru. Ya wuni gaban baƙin gilashin yana kuka, wai an kashe masa na'ura, mutane na jira a zaure.

Da hantsin wata Talata Mahasin na shanya a baranda, ta juyo ta ga ƙofa a buɗe, takalmansa babu. Ba ta tsaya naɗa tob ɗinta ba, mayafin nan na matan Sudan da ba ta taɓa fita babu shi ba. Baƙar abayar Tagwa ta fizgo ta zura, ta sauka tana haki. Titin Faisal ya cika maƙil, ƙananan bas-bas na hon, yaran mota na kiran Ramsis da Giza. Ta tambayi mai lemo, ta tambayi mai burodi, da Larabcinta na Sudan da suke sa ta maimaitawa. Can wani mai shagon shayi ya ɗaga mata hannu. Ashe ya zaunar da Tijjani a kujera cikin inuwa, don ya gan shi yana neman tsallaka titi yana tambayar ofishin 'yan sanda.

Ta zauna kusa da mijin nata. Ya dube ta cikin baƙar abaya, ya gyara zama da ladabi.

"Sannu, baiwar Allah. Kina jin Hausa?"

Ta gyaɗa kai. "Ina ji, Malam."

"Alhamdu lillahi. Akwai wata mata a gidana, tana so ta hallaka ni. Tana cewa ita ce matata."

"Ba ita ba ce?"

"Ina! Mahasin tana Madani. Ita Mahasin mai dariya ce. Wannan kuwa tunda nake ganinta ban taɓa jin ta yi dariya ba. Sai kallo, sai raɗa."

Mahasin ta sunkuyar da kai. Ta nemi ranar da ta yi dariya ta ƙarshe, ta rasa. Ta sa mai shayi ya aiko da wake dafaffe da burodi daga mai kura na gefe. Ta gutsura ta miƙa masa, ya karɓa ba musu, ya ci kamar wanda ya dawo daga gona.

"Ba ni labarin Mahasin ɗin," ta ce.

Ya ba ta. Yadda takan kawo masa abinci ɗakin na'ura, ta leƙa ta ƙaramar taga, ta tuntsire da dariya daidai inda kowa ke share hawaye, har mai silima ya taɓa hawowa ya yi faɗa. Ita kanta ta manta da wannan. Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye, ta rufe baki da gefen abaya.

Ya tsura mata ido. "Ikon Allah. Muryarki kamar tata."

"Tashi in raka ka gida, Malam. In ina nan ba mai taɓa ka."

Ya riƙe hannunta har saman bene.

Bai warke ba, kuma ba ta sa rai ba. Ta sa Tagwa ta mayar da wayar talabijin, ta roƙi Isam ya riƙa ajiye gas a ƙasan matattakala, su hau da shi ita da 'yarta suna hutawa. In an sa fim ɗin takan bar aikinta ta zauna kusa da shi, tana tsine wa matar nan ta cikin fim, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa ai ba ta ga komai ba tukuna. Wasu ranaku ya kira ta baiwar Allah, wasu ranaku ya ture kwano. Sau ɗaya cikin sanyin hunturu ya kira ta da sunanta, ya ce miyar ta yi gishiri. Ta tashi ta ƙara mata ruwa, ya cinye.