Makullin Gajimare

"Yanzu fisabilillahi, Mama, me bawan Allahn nan ya yi miki? Ko kujera kin hana shi, a tsaye ya gama aikinsa kamar wanda ya zo roƙo."

Auta ce take min wannan ƙorafin muna naɗe riguna a bayan shago. Na ce mata kujerar ta Babansu ce, ba kowa ke hawa ba. Ta ce ai akwai benci. Na ce to ƙafarsa ciwo take?

Shagon surfani gare mu, na inji. Tambarin makaranta, na asibiti, na kamfani, furen gefen matashi da na tawul, duk muna yi. Injuna biyu ne, sai kwamfuta a lungu ƙarƙashin kantar zare. Duk zanen da injunan nan ke ɗinkawa a cikinta yake, kuma Babansu ne ya zana su, Allah ya jiƙansa. Ɗinki bayan ɗinki yake bi, gilashi a kan hanci, shayinsa ya huce bai sani ba. Ni ban iya zane ba, Auta ma sai dai ta buɗe wanda ya bari ta tura wa inji. In babu zanen nan, injunan ƙarfe ne kawai.

Wata safiya kwamfutar ta ƙi tashi, sai da aka lallaɓa ta. Shi ne Auta ta tsorata ta kawo mana wannan mutumin. Wai kamfaninsu aikinsu ke nan, kula da kwamfutocin ƙananan shaguna irin namu, ba sai abu ya lalace a kira su ba, kullum idonsu na kai. Wannan maganar ido ita ta fara tsaya min. Ga shi da ladabi har ya yi yawa, Mama kaza, Mama kaza, murmushi ba ya barin bakinsa. Ni mutum in ya cika murmushi sai in fara duba abin da ke hannunsa.

Ba a daɗe ba na ga abin da idona. Ina shara, ba kowa a lungun, sai ga kibiyar nan ta kan allo tana tafiya ita kaɗai, ta buɗe nan ta rufe can. Na yi a'uziyya na kira Auta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, wai shi ne daga ofishinsu yake gyara. Na ce wato yana shigowa shagona ba sallama, ba ta ƙofa ba. Tun ranar na samu ƙyalle nake rufe allon, ɗan idon nan na sama kuma na manna masa salatif.

Da ya zo na tambaye shi, sai ya ce kullum kwafin zanenmu yana hawa gajimare ya zauna, saboda tsaro. Na ce gajimare dai na Ubangiji? Auta ta ce a'a, wasu manyan kwamfutoci ne a wani gini can nesa. Na ce to me ya sa ba za a ce ɗakin wasu ba, sai an sa masa suna mai daɗi? Daga nan na laƙaba masa Mai Gajimare, har yanzu haka nake kiransa, shi ma yana amsawa.

Da ya ga na kafe, ya ce to za a kulle kwafin da kalmar sirri, ni kaɗai zan san ta, ko shi ba zai iya buɗewa ba. Ya nemi a ajiye makulli na biyu a wurinsu ko da wani abu. Na ce babu wannan. Na kori Auta waje, na sa shi ya juya ya kalli bango, na zauna da yatsa ɗaya ina neman haruffa. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san baƙaƙe. Wani suna na sa, wanda Babansu ke kirana da shi in mu biyu ne. Ko yarana ba su taɓa ji ba, ku ma ba zan faɗa muku ba. Na buga, aka ce in sake, na sake, ta karɓa. Ya ce in rubuta a takarda in ɓoye. Na ce takarda ai kowa ya tsinta ya karanta, a kaina ta fi zama lafiya.

Rigimar da ta sa Auta ƙorafi kuwa ta ranar da ya zo da maganar gwaji ce. Wai kowane shago ya kamata ya san abin da zai yi in bala'i ya sauka: wa za a fara kira, ina za a aro kwamfuta, me za a ce wa masu jiran kaya. Har nan ba laifi. Sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Mama, mu ɗauka yau gobara ta cinye shagon nan ƙurmus."

Na ce, "A bakinka. Da safiyar Allah ka shigo min kana kiran wuta?"

Ya ce to a bar gobara, a ce ruwa ne. Na ce shi ma a bakinka. Ya ce ɓarayi fa? Na nuna masa ƙofa da tsintsiyar hannuna. Ni kullum kafin in ɗaga ƙofar shago sai na yi addu'o'ina na tofa kusurwa-kusurwa, sannan wani ya zo yana jera min masifu kamar mai talla. Ya ce shi ma yana addu'a, gwajin kawai don a tabbatar kwafin yana buɗuwa ne. Na ce da me za a buɗe? Ya ce sai na buga kalmar a tasa kwamfutar. Na ce a raina, yawwa, ga inda aka nufa tun farko.

Kada ku ce zargi ne kawai. Akwai mai shagon tsallaken titi, shi ma surfani yake yi, tun Babansu na da rai yake leƙen aikinmu. Bayan zuwan Mai Gajimare sai ga tawul rataye a gilashinsa da fure irin namu sak, har ganyen nan da ke karkata hagu. Auta ta ce kowa zai iya sayen tawul ɗinmu ya kwaikwaya. Na ce to babur ɗin Mai Gajimare da na gani a ƙofarsa fa? Ta ce ai su ma kamfanin ne ke kula da su, titin nan rabi nasu ne. Wai wannan shi zai kwantar min da hankali. Sannan rigar aikin da yake sawa, da tambarin kamfaninsu a ƙirji da baya, ba mu muka ɗinka ba. Na san aikin tsallake ko daga nesa, zarensu sako-sako ne, ba sa datse bakinsa.

Muna nan a haka, ni da shi gaisuwa kawai, har ranar da na ɗaga ƙofa ruwa ya biyo ƙafata. Mai gyaran gashi ta saman bene ce ta bar famfo a buɗe da aka ɗauke ruwa, aka kawo bayan ta tafi. Silin ya yi ciki ya yi ciki, ya fashe daidai kan lungun. Injuna Allah ya tsare, don kullum da leda nake rufe su. Kwamfuta kuwa ƙyallena ne kawai a kanta, ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga ɗuwawunta. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ya zo min bayan nan, Allah ya yafe min, shi ne: ruwa ya ambata, ga ruwa.

Ga rigunan wata makaranta jibge a leda suna jiran tambari, an kusa komawa hutu, shugabar makarantar kuma ba ta da wasa. Amma ni ba su ne suka tsaya min a rai ba. Aikin hannun Babansu nake tunani, kaf ɗinsa.

Auta ce ta kira shi, ni ban iya ba. Ya zo da wando a naɗe, ya taya mu kwashe ruwa tukuna. Bai ce ai na faɗa ba. Da ya faɗa ma da na fi jin daɗi, da na samu abin kamawa. Ya kwance kwamfutar, ya juya cikinta, ya shinshina, ya ce wannan sai haƙuri. Sannan ya goge teburin yanka ya buɗe tasa, ya ce kar in damu, komai na nan har aikin jiya, kalmar kawai ake jira. Tun kafin in ce masa ya juya, ya je ya fuskanci bango. Auta ma na ce ta matsa.

Na yi bismillah na buga. Allon ya nuna ja. Na goge hannuna a zani na sake. Ja.

Na janye hannuna daga kan maɓallan. Sunan ban manta shi ba, ina zan manta. Rubutun ne. Akwai harafi mai ƙugiya a cikinsa, irin wanda babu shi a maɓallan nan. Na tuna ranar na neme shi na rasa, na yi wata dabara na wuce, to dabarar ce ta ɓace min. Ɗan'uwansa mara ƙugiya na sa, ko wani na jingina masa a gefe? Sannan Babansu yana jan ƙarshen sunan in ya kira ni. Ko jan na rubuta, na ninka harafin? Ban taɓa ganin sunan nan a rubuce ba, a kunne kawai na san shi.

Na ɗaga yatsa zan sake, ya ce daga bangon, "Dakata, Mama. In kuskure ya yi yawa kullewa zai yi, kuma ni ba ni da wani makullin. Ke kika hana."

Na ce ai ku kuka yi abinku, ba za ku rasa ƙofar baya ba. Ya ce wallahi babu, da akwai da bai tsaya kallon bango ba. Na tsaya ina auna maganar. In gaskiya ya faɗa, to bai taɓa ganin zanenmu ba, furen tsallake ba shi ba ne, na ɗauki alhakinsa. In kuma ƙarya yake, to yau yake jira tun ranar da ya fara min murmushi, kuma wa ya sani ko tasa kwamfutar ce aka saita ta ƙi karɓa don in buɗe baki. Ta yaya zan gane? Allo dai ja ne ko ta wane hali.

Auta ta matso ta ce a hankali in faɗa mata ita. Na kalle ta. Yarinyar da na haifa, in ɗauki sunan da ubanta ke raɗa min in sa mata a kunne? Ban da haka ma, Auta abin da ta ji da safe kafin azahar Mai Gajimare ya ji. Na ce ta je ta ga ko mai gyaran gashi ta kashe famfonta.

Ta fita, muka rage ni da shi, ruwa na ɗiga a bokiti ɗis, ɗis. Tsallaken titi na hango maƙwabcin namu ya fito ƙofar shagonsa ya harɗe hannu yana kallo. Ni kuma ga bayan Mai Gajimare a gabana, ga tambarin nan na rigarsa, da wani bakin zare da ba a datse ba yana lilo. Na karanta abin da na iya a zuciyata, ina roƙon Allah ya nuna min gaskiyar bawan nan nasa. Ban ga komai ba sai zaren.

Bai juyo ba. Ya rage murya, babu murmushin a cikinta.

"Mama, na san irin dabarun da mutane ke yi wa haruffan nan, ba su da yawa. In na ji kalmar zan jera miki su, ki duba ki gane naki, ki buga da hannunki. Muna gamawa ki canza ta, ina kallon bango. Ba sai kin ɗaga murya ba. Faɗa min."